Idan Dillali Ya Ci Amana: Hukuncin Da Ake Yi Wa Dillalan Hannun Jari A Najeriya Da Abin Da Ke Rage Wa Mai Dukiya

Tsakanin Afrilu da Mayun 2015, Hukumar Kula da Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya, wadda aka fi sani da SEC, ta ɗauki matakin da ya girgiza masu hada-hadar kuɗi a Legas. Ta naɗa shugabannin riƙo a rukunin kamfanonin BGL, sannan ta dakatar da rassansa daga duk wata harka a kasuwa. BGL na cikin manyan gidajen dillancin hannun jari a ƙasar nan a lokacin, kuma shugabansa, Albert Okumagba, shi ne ke jagorantar cibiyar ƙwararrun dillalan hannun jari ta ƙasa baki ɗaya. Hukumar ta ce ta karɓi takardun koke fiye da 40 daga masu zuba jari, waɗanda ke bin kamfanin kuɗin da ya kai kimanin naira biliyan 5.8.

Bayan shekara guda aka yanke hukunci. An soke rajistar wasu rassan kamfanin, an haramta wa Okumagba da mataimakinsa Chibundu Edozie shiga harkar kasuwa na tsawon shekara 20. Jaridu sun buga labarin da manyan baƙaƙe, masu sharhi suka yaba wa hukuma. Amma ɗan fanshon da ya kai musu kuɗin sallamarsa tambaya ɗaya ce a bakinsa: yaushe za a biya ni?

Wannan tambaya ita ce ma'aunin da ya kamata a riƙa auna kowane hukunci da shi. Korar dillali tana kare wanda zai zo gobe. Wanda aka cuta jiya kuwa, ba abin da zai share masa hawaye sai dawowar dukiyarsa. Maganar ta ƙara muhimmanci a yanzu, domin tun watan Maris na 2024 da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, an sake buɗe wa jama'a ƙofar sayen hannun jari, kuma a wannan karon ta wayar hannu ake yi, daga Kano, daga Gusau, daga Yola, ba tare da mai saye ya taɓa ganin fuskar dillalinsa ba.

Wurin Da Ɓarna Ke Shigowa

Doka ba ta yarda mutum ya shiga kasuwar hannayen jari ya saya ko ya sayar da kansa ba. Dole ya bi ta hannun kamfanin dillanci mai rajista da SEC, mai lasisin kasuwa. Duk wanda ya taɓa kai sa ko rago kara ya san irin wannan tsari: kai ka miƙa igiya, dillali ya yi ciniki, ya cire la'adarsa, ya danƙa maka sauran. Sai dai a kara kana tsaye kana kallon dabbarka, kana jin tayi da sallamawa, kuma idan rigima ta tashi akwai Sarkin Dillalai kusa. A kasuwar hannun jari kayanka lambobi ne a cikin kwamfuta, dillalin ne ke ganinsu kullum, kai kuwa sai abin da ya gaya maka.

Daga nan ne laifuffuka ke tsirowa. Wanda ya fi yawa a koke-koken da ake kai wa hukuma shi ne sayar da hannun jarin mutum ba da izininsa ba. Dillali ya lura cewa wani asusu ya daɗe ba motsi, mai shi ya tsufa, ko ya yi ƙaura, ko ya rasu, sai ya sayar da abin da ke ciki ya juya kuɗin. Na biyu shi ne riƙe kuɗin ciniki: mai dukiya ya ba da umarnin a sayar, an sayar, amma sai a yi ta yi masa hanya-hanya, yau a ce banki, gobe a ce manaja ba ya nan. Na uku shi ne cakuɗa kuɗin abokan ciniki da na kamfani, a biya albashi da haya da bashin banki da dukiyar da aka ba da ajiya.

Akwai kuma laifuffukan da suka fi wuyar ganewa. Wani dillalin yakan riƙa saye da sayarwa a asusun mutum ba don wani amfani ba sai don la'ada ta taru. Wani idan ya ga babban umarnin saye ya shigo, sai ya riga abokin cinikinsa ya saya wa kansa, ya jira farashi ya hau. Wani yakan yi amfani da sirrin kamfani da bai fito fili ba. Wasu kuma sukan haɗa baki su riƙa sayar wa junansu kaya ɗaya don a ga kamar ana rububinsa, farashi ya tashi ko ya faɗi yadda suke so. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan, wato ƙara farashi ba da niyyar saye ba don a ruɗi wani. Suna kiransa najashi, kuma Musulunci ya haramta shi tun kafin a san wani abu wai shi kasuwar hannun jari.

Shekarar Da Asiri Ya Tonu

An kafa kasuwar hannayen jari a Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961, daga baya ta buɗe rassa a wasu garuruwa, ciki har da Kaduna da Kano. Shekaru da dama harka ce ta 'yan boko da manyan attajirai. Abin da ya jawo talaka ciki shi ne umarnin da Gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya bayar a 2004, cewa kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka haɗe suka koma 25, kuma kusan kowannensu ya fito neman kuɗi a hannun jama'a. Malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwar Kwari da Singa, har da matan aure masu adashe, sun cike takardun sayen hannun jari a rassan bankuna.

Farashi ya yi ta hauhawa. A farkon Maris na 2008 darajar hannayen jarin da ke kasuwa ta haura naira tiriliyan 12, ma'aunin kasuwa ya wuce maki 66,000. Bayan shekara ɗaya darajar ta koma ƙasa da tiriliyan 5, ma'aunin ya sauko kusan maki 20,000. Rikicin kuɗi na duniya ya taka rawa, domin masu jari na ƙasashen waje sun kwashe kuɗinsu. Amma babbar cutar a cikin gida take. Bankuna sun riƙa bai wa dillalai da sauran mutane rance don su sayi hannun jari, wani lokaci ma na bankin da ya ba da rancen, abin da ya kumbura farashi ba tare da wata riba ta gaskiya a ƙarƙashinsa ba. Da farashi ya fara sauka, sai bashi ya rufta kan kowa.

A ranar 14 ga Agustan 2009, sabon Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union. Daga cikin abubuwan da binciken Babban Banki ya gano akwai tarin basussukan da aka narkar a kasuwar hannun jari. A wannan shekarar kuma SEC ta dakatar da kamfanin dillanci na Nova Finance and Securities na shekara ɗaya, ta haramta wa shugabansa harkar kasuwa na shekara biyar, bayan ta same su da laifin wasa da farashin hannun jarin kamfanin mai na African Petroleum.

Arunma Oteh ta karɓi ragamar SEC a Janairun 2010. A Agustan shekarar ta sauke shugabar kasuwar hannayen jari, Ndi Okereke-Onyiuke, matakin da Okereke-Onyiuke ta ƙalubalanta a kotu. Hukumar ta kuma gurfanar da mutane da kamfanoni kimanin 260 a gaban kotun musamman ta harkokin zuba jari bisa zargin maguɗi iri-iri. Duk da haka, amana idan ta karye ba ta saurin ɗoruwa. Sai a watan Agustan 2023, bayan shekara 15, ma'aunin kasuwa ya sake kai matsayinsa na 2008. A gidaje da yawa a Arewa, har yau kalmar hannun jari tana tuna wa mutane takardun da ke kwance a ƙasan akwati.

Matakan Hukunci

A kan takarda, tsarin hukunci a Najeriya yana da matakai masu kyau. Mai koke zai fara kai ƙara wurin kamfanin dillancin da kansa. Idan ba a warware ba, sai ya wuce zuwa kasuwa, wadda tun 2021 ta koma kamfani mai suna NGX, tare da reshe na musamman mai kula da bin ƙa'ida. Kasuwa tana da ikon cin tara, dakatar da dillali, soke lasisinsa, da sanya sunan ma'aikacin da ya yi laifi a jerin waɗanda ba a yarda wani kamfani ya ɗauke su aiki ba. Tun 2012 take wallafa sunayen dillalan da aka hukunta a wani shafi nata da ake kira BrokerTraX.

Sama da kasuwa akwai SEC, wadda aka kafa a 1979. Tana da kwamitin sauraron ƙararraki da ke gayyatar wanda ake zargi ya kare kansa. Wannan kwamiti kan ba da umarnin mayar da kuɗi, cin tara, soke rajista, ko haramta wa mutum harkar kasuwa na wasu shekaru ko har abada. Wanda bai gamsu ba zai iya zuwa kotun musamman ta harkokin zuba jari, wadda dokar 1999 ta samar, kuma dokar 2007 ta ɗora mata nauyin kammala shari'a cikin wata uku daga fara sauraro. Daga can sai Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ita ma cibiyar ƙwararrun dillalai tana da nata kwamitin ladabtarwa da zai iya ƙwace shaidar ƙwarewa daga hannun mutum.

Abu ɗaya ne duk waɗannan ba su da iko a kansa, wato ɗauri. Idan laifi ya kai na sata ko zamba, sai an miƙa shi ga 'yan sanda, ko EFCC, ko ofishin Babban Lauyan Ƙasa. A nan ne shari'a kan shiga sahun dubban ƙararrakin da ke jiran rana a kotunan ƙasar nan, a yi ta ɗage zama, shaidu su gaji, wasu masu ƙara su riga mu gidan gaskiya.

An kuma yi gyare-gyaren rigakafi. An ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin da ke dillanci yana kuma saye da sayarwa don kansa daga naira miliyan 70 zuwa miliyan 300, wa'adin ya cika a 2015, kuma ƙananan kamfanoni da yawa sun fita daga kasuwa. A Janairun 2016 aka fara tsarin da ke tura kuɗin ciniki kai tsaye zuwa asusun bankin mai dukiya, ba tare da ya kwana a hannun dillali ba. A Maris na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari da ta maye gurbin ta 2007, wadda ta tanadi tara mai nauyi da ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu tara kuɗin jama'a da alkawarin ribar ƙarya.

Manyan Shari'o'i Biyu

Abin da ya kai BGL ƙasa shi ne wasu takardun zuba jari da ya sayar wa jama'a da alkawarin riba tabbatacciya a ƙayyadadden lokaci. Lokacin biya ya zo, kamfani ya kasa. Masu koken sun haɗa da ɗaiɗaikun mutane da ƙungiyoyi, har da ma'aikatar kuɗi ta Jihar Ribas. Mounir Gwarzo ne ke jagorantar SEC a lokacin. Da hukumar ta shiga, kamfanin ya garzaya Babbar Kotun Tarayya a Legas yana ƙalubalantar matakin, aka shafe watanni ana jayayya a kan wace kotu ce ke da hurumi. A 2016 aka yanke haramcin shekara 20. Okumagba ya rasu a 2020.

Darasin BGL a bayyane yake. Kamfani ba ya wayar gari da bashin biliyoyi a dare ɗaya. Ramin yana zurfafa ne a hankali, ana ɗaukar kuɗin sabon mai zuba jari ana toshe na tsoho. Kowane kamfanin dillanci yana da wajibin miƙa wa hukuma rahoton kuɗinsa a kai a kai. Idan har sai da takardun koke suka haura 40 kafin a rufe ƙofa, to an yi ihu bayan hari.

Shari'a ta biyu ta fito fili a 2016, ta kamfanin Partnership Securities da uwar kamfaninsa Partnership Investment Company, ƙarƙashin Victor Ogiemwonyi, wanda ya daɗe a harkar kuma sananne ne wajen rubuce-rubuce kan gyaran kasuwa. Arnold Ekpe, tsohon shugaban rukunin bankin Ecobank, ya ba kamfanin umarnin sayar masa da hannayen jarinsa. An sayar a kan kuɗin da ya haura naira biliyan ɗaya, amma kaso kaɗan ne ya shiga hannunsa. Da maganar ta fashe, sai wasu masu zuba jari da dama suka fito da nasu koken. Kamfanin yana da wani tsari da yake karɓar hannayen jarin mutane a matsayin ajiya yana yi musu alkawarin riba, kuma da aka zo neman kayan, ba a same su ba. A 2017 SEC ta haramta wa Ogiemwonyi harkar kasuwa har abada, aka soke rajistar kamfanonin, EFCC kuma ta gurfanar da shi a kotu.

Abin tsoro a wannan labari shi ne irin mutumin da abin ya shafa. Wanda ya shugabanci ɗaya daga cikin manyan bankunan Afirka, mai lauyoyi da sanin sirrin harka, shi ma bai tsira ba. Ina kuma ga malamin firamare a Ɓagwai ko gwauruwa a Funtuwa? Kuma abin ya faru ne a shekarar da aka fara tsarin tura kuɗi kai tsaye, wanda ke nuna cewa samar da tsari daban, tabbatar da cewa an sanya asusun kowa a cikinsa daban.

Yadda Ake Yi A Amurka

Ba Najeriya kaɗai ke fama da wannan cuta ba. A Amurka, inda kasuwa ta fi ta ko'ina girma, wani kamfanin dillanci mai suna Stratton Oakmont ya shafe shekaru yana kiran mutane a waya yana tura musu hannayen jarin ƙananan kamfanoni, yana kumbura farashi, sannan ya sayar da nasa ya bar su da asara. An kore shi daga ƙungiyar dillalai a Disambar 1996. Shugabansa Jordan Belfort ya amsa laifi a 1999, ya yi wata 22 a kurkuku, aka umarce shi ya biya dala miliyan 110 ga waɗanda ya cuta. Bernard Madoff, wanda ya taɓa shugabantar kasuwar Nasdaq, an kama shi a Disambar 2008 bisa damfarar masu zuba jari, aka yanke masa ɗaurin shekara 150 a 2009, ya mutu a kurkuku a 2021. Shi ma an sha kai ƙorafinsa ga hukuma shekaru kafin a kama shi, ba a ɗauki mataki ba.

Abubuwa biyu ne suka cancanci koyi daga can. Na farko, hukumar FINRA mai kula da dillalai, da aka kafa a 2007, tana da shafin intanet mai suna BrokerCheck, inda kowa zai rubuta sunan dillali ɗaya tak ya ga wuraren da ya yi aiki, ƙorafe-ƙorafen da aka yi a kansa, da hukuncin da aka taɓa yanke masa. Wanda aka kora daga wani kamfani ba zai saje cikin wani ba tare da tarihinsa ya bi shi ba. Na biyu shi ne dagewa wajen ƙwato dukiya. Akwai hukumar inshora ta musamman tun 1970 da ke biyan abokin cinikin kamfanin dillancin da ya durƙushe har dala 500,000. A shari'ar Madoff kuma, kotu ta naɗa wakili, Irving Picard, wanda ya shafe shekaru yana bin sawun kuɗin har ƙasashen waje, ya ƙwato sama da dala biliyan 14 daga cikin kimanin biliyan 17.5 na uwar kuɗin da mutane suka zuba.

Giɓin Diyya

A Najeriya ma akwai asusun kare masu zuba jari. Kasuwa tana da nata, SEC ma ta ƙaddamar da nata a 2015. Sai dai lokacin da asusun kasuwa ya fara biyan diyya a waccan shekarar, iyakar abin da mutum ɗaya zai samu naira 400,000 ce, ko da nawa aka cinye masa. Ga wanda ya rasa naira 300,000, wannan sauƙi ne babba. Ga wanda ya rasa kuɗin sallamarsa na shekara 35 a aikin gwamnati, bai taka kara ya karya ba. Faɗuwar darajar naira kuma tana ƙara cinye abin da ya rage: kuɗin da aka riƙe wa mutum a 2015, ko an biya shi cif a yau, ba zai saya masa rabin abin da zai saya a wancan lokaci ba. Jinkirin shari'a shi kansa asara ce ta biyu.

Umarnin "a mayar da kuɗi" yana da daɗin ji, amma idan aka bayar da shi bayan kamfani ya zama kango, takarda ce kawai. Shi ya sa saurin ƙwace kadarori da rufe asusun shugabannin kamfani tun farkon bincike ya fi dogon haramci amfani ga wanda aka zalunta.

Akwai wani ɓangare da ya shafi Arewa kai tsaye, wato dukiyar magada. Iyaye da yawa sun sayi hannun jari a shekarun 2004 zuwa 2008, wasu da sunayen 'ya'yansu, wasu da adireshin akwatin gidan waya da aka daɗe da rufewa. Idan suka rasu, akan raba gida da gona da mota, a manta da takardun hannun jari saboda ba wanda ya san darajarsu. Ribar da ba a karɓa ba a faɗin ƙasar nan ta daɗe da haura naira biliyan 100. Asusun da ba mai leƙa shi, shi ne abincin maciyin amana. Kuma haƙƙin marayu ne, wanda nauyinsa ke wuyan duk wanda ya jagoranci rabon gado.

Yanzu da kafofin zuba jari marasa kuɗin ruwa suka samu, irin su sukuk ɗin gwamnatin tarayya da aka fara sayarwa a 2017 da hannun jarin bankin Jaiz da ya shiga kasuwa a waccan shekarar, mutanen da a da suke ƙyamar harkar sun fara shigowa. Sababbin shiga ne, kuma yawancin sanarwar hukuma da Turanci take fita.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Nauyi na farko yana kan hukuma. Ta riƙa binciken ba-zata a kan asusun abokan ciniki, ta gwada abin da dillali ya rubuta da abin da ke ma'ajiyar CSCS, inda ake adana hannayen jarin kowa. Ta hanzarta neman umarnin kotu na riƙe kadarori da zarar ta ga alamar giɓi. Ta riƙa sake duba iyakar diyya gwargwadon darajar naira. Duk lokacin da ta sanar da hukunci, ta dawo bayan shekara ta faɗa wa jama'a nawa aka ƙwato, mutum nawa aka biya. Sannan jerin dillalan da aka dakatar ko aka kora ya riƙa fita da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a rediyo, inda mutanenmu suka fi sauraro. SEC tana da ofishi a Kano, ya kamata a ji muryarsa a kasuwanni da masallatai da tarukan 'yan fansho.

Nauyi na biyu yana kan dillalan kirki, waɗanda su ne masu rinjaye. Su ne suka fi kowa sanin wanda ke tangal-tangal a cikinsu. Rufa wa abokin sana'a asiri a kan dukiyar mutane cin amana ne, kuma idan ya faɗi, sunan kowa yake shafa wa baƙin jini.

Nauyi na uku naka ne, mai karatu. Kafin ka miƙa ko sisi, duba sunan kamfanin a jerin masu rajista na SEC da na NGX. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko da ɗan'uwanka ne da ke aiki a kamfanin, sai asusun kamfani. Ka nemi lambarka ta CSCS, ka tabbatar lambar wayarka ce a kanta, domin saƙo ya riƙa shigo maka duk lokacin da aka taɓa asusunka. Ka cike takardar tura kuɗin ciniki da ta tura riba kai tsaye zuwa bankinka, ka kuma bincika ka ga an aiwatar. Kada ka sa hannu a takardar umarni da ba a cike ba. Duk wanda ya yi maka alkawarin riba tabbatacciya a hannun jari, ka yi nesa da shi, domin farashi hawa yake yana sauka, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Idan aka sayar maka da kaya aka wuce kwanakin biya ana yi maka ka-zo-gobe, rubuta koke nan take, ka riƙe kwafi, ka wuce gaba idan ba a amsa ba. Kunya da kawaici halaye ne masu kyau, amma a nan su ne ke bai wa mai laifi lokacin kwashe abin da ya rage.

A ƙarshe, ka sanar da iyalinka abin da ka mallaka da sunan dillalinka, ka rubuta ka ajiye. Idan kuma akwai tsofaffin takardun hannun jari na mahaifi ko miji a gidanku, ku fito da su a wannan makon, ku je ofishin dillali mai rajista ko na SEC ku tambayi halin da suke ciki.